Kafin a Kai ga Fenti: Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Ƙarfi na Amurka

A ranar 10 ga Janairun 2020 aka shigo da wata tsohuwar Ford Mustang ƙirar 1968 cikin zauren gwanjon kamfanin Mecum da ke Kissimmee, a jihar Florida ta Amurka. Koren fentinta ya dusashe, tsatsa ta taɓa ta nan da can, kujerunta sun sha zama. Da a bakin titi ka gan ta, cewa za ka yi mai ita ya yi sakaci. Amma da aka buga guduma, a kan dala miliyan 3.4 aka sallama ta, da aka haɗa da la'adar masu gwanjo kuɗin ya kai dala miliyan 3.74. Ita ce motar da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, inda ya yi tseren nan da ya shahara a tudun birnin San Francisco. Iyalin da suka saye ta a 1974 sun yi ta hawanta kamar kowace mota, daga baya suka ajiye ta shekara da shekaru, ba su taɓa sake mata fenti ba. Da sun sake, da sun zubar da dukiya mai yawa.

A wannan zauren kuwa, a wancan makon, akwai motoci da dama da masu su suka ɓata shekaru suna gyarawa, suna sheƙi har ka ga fuskarka a jikinsu, amma ba su samu ko kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi ba. Nan ne tsaka-mai-wuyar da duk mai tsohuwar motar ƙarfi ke shiga. Ko dai ya bar ta da tsufanta, ko ya mayar da ita daidai yadda ta fito daga masana'anta, ko kuma ya sake mata ƙira yadda ransa ke so. Galibin masu sha'awar abin, launi suke fara tunani. Ƙwararru kuwa launi ne abu na ƙarshe da suke magana a kai, domin kafin a kai gare shi akwai tambayoyi biyu da suka fi shi nauyi: wace mota ce wannan ɗin takamaimai, kuma me ya rage na ƙarfenta?

Zamanin da bai cika shekara goma ba

Dabarar ba ta da wani sarƙaƙiya: a ɗauki babban inji mai silinda takwas, wanda aka ƙera don manyan motoci, a cusa shi cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a sayar da ita a farashin da matashi mai aikin yi zai iya saya. Kamfanin Pontiac ne ya buɗe fagen a 1964 da motar GTO, ƙarƙashin jagorancin injiniya John DeLorean. Cikin 'yan shekaru kowa ya shigo: Chevrolet da Chevelle SS, Oldsmobile da 442, Plymouth da Road Runner, Dodge da Charger. Fetur na da araha a lokacin, kuma yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun isa karɓar lasin.

Abin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injina, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a watan Oktoban 1973 ya ƙarasa kashe kasuwar. Motocin da yau ake rububinsu, a ƙarshen shekarun 1970 arha ɓagas ake sayar da su, wasu a jibge su a bayan gida ciyawa ta rufe.

A cikinsu duka, da wuya a samu wadda ta kai Dodge Charger ta 1968 zuwa 1970 kyan sura. Ita ce ma baƙar motar da ta yi tsere da McQueen a wancan fim. Doguwa ce mai faɗin ƙugu, fitilunta na gaba a ɓoye suke bayan raga har sai an kunna, gilashin baya ya nutse tsakanin ginshiƙan rufi guda biyu, murfin tankin mai kuma yana saman gefen baya irin na motocin tsere. Wanda ya san ta yana gane shekararta da kallo ɗaya: ta 1968 fitilun bayanta zagayayyu ne, ta 1969 ragar gabanta a rabe take gida biyu, ta 1970 kuma bamba ce ta zagaye fuskar gaba ɗaya. An sayar da kimanin 96,000 a 1968 kaɗai, saboda haka ba ƙarancinta aka yi ba tun farko. Tsatsa da haɗurra ne suka cinye su, sai kuma masu shirya fim. Shirin talabijin ɗin The Dukes of Hazzard, wanda aka nuna daga 1979 zuwa 1985, ya yi ta wurga Charger sama tana faɗowa tana ragargajewa, kuma ƙiyasin waɗanda aka lalata ya kusa 300.

Ɗan farantin da ke ƙarƙashin bonet

Idan ƙwararre ya je duba Charger, ba ya tsayawa kallon sheƙi. Bonet yake ɗagawa ya leƙa gefen direba, inda aka ɗaure wani ɗan farantin ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. An buga masa haruffa da lambobi layi-layi, kuma daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama. A kan ƙirar 1970, idan layin ƙasa ya fara da E74, to injin Hemi ta fito da shi, mai lita 7 da ƙarfin doki 425. E86 na nufin injin 440 mai kafireto ɗaya. D21 giyar hannu ce mai hawa huɗu. A layin da ke sama za ka ga lambar fenti, misali FC7 ko EV2, kuma idan akwai V1X, rufin an lulluɓe shi da baƙar roba mai kama da fata. Sai ya zagaya ya leƙa ta gilashin gaba ya karanta lambar motar da ke kan dashbod. XS29 na nufin Charger R/T ce ta gaskiya, harafi na biyar kuma shi ke faɗin inji: R a shekarar 1970 Hemi ne.

Wannan harafi guda yana iya ninka farashi sau da yawa. Charger R/T mai Hemi guda 112 kacal aka yi wa kasuwar Amurka a 1970, alhali masu ƙaramin injin 318 dubbai ne. Ƙanwarta Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971, wadda adadinta bai wuce goma sha biyu ba, an sayar da ɗaya kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Seattle a 2014. Inda kuɗi ya kai haka, dole a samu 'yan damfara. Ana buga farantin jabu, ana cire lambar motar da ta ruɓe a manna wa wata, duk da cewa taɓa lambar mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka. Shi ya sa ake bin sauran wuraren da masana'anta ta buga lamba: jikin inji, jikin giya, ƙarfen da ke riƙe da lagireto, da leɓen but ƙarƙashin robar da ke hana ruwa shiga. Idan duk suka yi daidai da juna, motar ta ci jarrabawa.

Akwai kuma wata takarda da ake nema ruwa a jallo, wato takardar umarnin haɗa mota, wadda ke bin kowace mota a layin masana'anta. Ma'aikata kan tura ta duk inda hannunsu ya kai idan sun gama: cikin wayoyin kushin na baya, ƙarƙashin kafet, bayan akwatin dashbod, har saman tankin mai. Don haka mai hankali ba ya yayyaga tsohuwar kujera da garaje. A hankali yake kifa ta, ya haska tocila tsakanin wayoyin, ko Allah zai sa ɓeraye sun bar masa wani abu. Muhimmancin takardar ya ƙaru ga motocin Dodge da Plymouth saboda katunan bayanan ƙira da ke ajiye a taskar kamfanin Chrysler, mai ƙera su, a 1967 suka tsaya. Masu Ford suna da sauƙi, domin akwai rahoton Marti da ake cirowa daga bayanan kamfanin na 1967 zuwa gaba, masu Pontiac ma suna da inda suke samun kwafin takardun motocinsu.

Daga nan hukunci ke fitowa. Motar da lambobinta suka nuna ba ta da yawa a duniya, kuma injinta na asali na nan, amana ce a hannun mai ita. Wadda ta fito da 318 ko ƙaramin inji mai silinda shida, ta kuma rasa shi tun shekara talatin da suka wuce, wannan mai ita yana da 'yancin ya yi abin da ya ga dama da ita, babu tarihin da ya ɓata.

Abin da fenti ke rufewa

Jihohin arewacin Amurka irin su Michigan, Ohio da Pennsylvania suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri ba ya ga maciji da ƙarfe. Shi ya sa gangar jikin motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya ta fi tsada, ko da rana ta ƙone fentinta ta farfasa kushin. Kushin ana sake shi cikin mako guda, ƙarfe kuwa wani labari ne.

Charger ba ta da shasi mai zaman kansa irin na babbar mota. Jikinta da shasinta a haɗe suke da walda, saboda haka tsatsar da ta ci ƙasanta ta ci ƙarfinta. Wuraren da take fara kamawa sanannu ne: ƙasan but, ƙasan gefen baya kusa da taya, inda ƙafafu ke sauka, da ƙarfen da ke ratsa ƙasan motar yana riƙe da sandunan sifirin na gaba. Kyakkyawan gilashin bayan nan ma shi ne ciwon kanta, domin ruwa na taruwa a kusurwoyinsa na ƙasa, ya huda, ya riƙa ɗiga cikin but shekara da shekaru. Idan kuma rufin mai roba ne, ruwa kan shige ƙarƙashi ya kwanta. Ka shafa hannu ka ji ƙuraje ƙarƙashin robar, to ka san akwai aiki.

Ga yadda ake gwajin farko. Mai duba mota ya fito da ɗan mayen ƙarfe mara ƙarfi sosai, irin wanda ake mannawa a jikin firji, ya naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Ya ɗora a tsakiyar ƙofa, ya manne. Ya matsa zuwa bayan tayar baya, sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Babu ƙarfe a wurin, ko kuma yana can nesa ƙarƙashin tulin bodifila. Da yawa daga cikin motocin da aka yi wa kwaskwarima a shekarun 1980, idan aka kankare su, abin da ake tararwa ke nan: raga, ko gwangwani, wani lokaci har tsohuwar jarida da aka cusa a rami aka shafe.

Aikin gaske yana farawa ne da wargaza motar baki ɗaya. Kowane noti da kusa a saka a leda a rubuta daga inda ya fito, a ɗauki hoto kafin a kwance, domin wanda zai mayar da su bayan shekara uku ba zai tuna ba. Wannan shi ne matakin da yawancin ayyuka ke mutuwa: kwancewa daɗi gare ta kuma ba ta cin kuɗi, shi ya sa kasuwa ta cika da motocin da ake sayarwa cikin kwalaye. Idan gangar jiki ta rage ita kaɗai, sai a yi mata walda da sanduna daga ciki don kada ta karkace, a ɗaure ta gaba da baya a jikin wani ƙarfe mai juyawa, kamar ragon da ake gasawa ɗungurungum, yadda mutum zai kifa ta ya yi aiki a ƙasanta yana tsaye.

Cire tsohon fenti ma yana da nasa haɗari. Idan aka feshi faffaɗan wuri kamar rufi ko bonet da yashi da ƙarfin iska, ƙarfen zai lanƙwashe ya yi tudu da kwari, gyaransa kuwa sai an sha wuya. Don haka ake amfani da abu mai laushi, kamar garin roba, ɓawon gyaɗar turawa ko soda, ko a tsoma jikin gaba ɗaya cikin tankin sinadari. Tsomawa tana kaiwa ko'ina, amma idan ba a wanke da kyau ba sinadarin kan maƙale a mahaɗar ƙarfe, ya tsattsafo bayan an gama fenti ya ɓata shi. Da zarar ƙarfe ya fito tsirara, ba a barinsa ya kwana biyu a haka, nan take ake rufe shi da firaimar efoksi, don ko gumin hannu yana bar masa tsatsa.

A da, wanda ke neman gefen bayan Charger sai ya yi ta yawo a makabartar motoci. Yanzu kamfanoni irin su Auto Metal Direct suna buga kusan kowane ɓangare sabo, Dynacorn kuma yana sayar da gangar jikin tsofaffin Mustang da Camaro sukutum. Wannan ya ceci motoci da yawa, ya kuma haifar da gardamar da har yau ba a gama ba: idan an sake ƙasa, an sake gefe biyu, an sake rufi, a wane mataki ne motar ta daina zama ita? A ganina ƙa'idar da tsofaffin masu aikin bodi ke bi ita ce daidai: duk ƙarfen asali da za a iya ceto a cece shi, a yanke ruɓaɓɓen wurin kawai. Sabon ɓangare ma ba ya zama daram sai an yanka, an buga, an ja. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, in ba haka ba zafi ya murɗe farantin.

Sai a zo ga aikin da ba wanda ke ɗauka a hoto, alhali shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Bayan an shafa bodifila siriri, an fesa firaima mai kauri, sai a yayyafa baƙar hoda a kai, a ɗauko dogon katako mai samfefa a riƙa gogawa a karkace, hagu da dama. Inda baƙin ya goge da wuri, tudu ne. Inda ya rage, rami ne. A cike, a sake fesawa, a sake gogawa, daga samfefa mai lamba 80 zuwa 180, zuwa 320, har 600. A jikin Charger abin ya fi wuya, saboda layukan da suka taso daga ƙofa suka haɗu da na ƙugu dole su fito da kaifi kuma su yi daidai a ɓangarorin biyu. Ɗaruruwan sa'o'i ke tafiya a nan. Fesa launin kansa kwana ɗaya ne ko biyu.

Shunayya, ruwan lemo da sauransu

Daga 1969 zuwa 1973 Chrysler ya fito da wasu launuka masu ɗaukar ido da ake biyan ƙarin kimanin dala 15 a kansu. Launi ɗaya ne, amma Dodge da Plymouth kowa da sunan da yake kiransa. FC7 shi ne shunayyar da Dodge ke kira Plum Crazy, Plymouth kuma In-Violet. EV2, ja mai ratsin ruwan lemo, Hemi Orange ne a Dodge, Tor-Red a Plymouth. Akwai tsanwa shar mai lamba FJ5, da rawaya FY1, da ruwan hoda FM3 wanda ya fito a tsakiyar 1970, mutane kaɗan ne suka yi ƙarfin halin sayensa, shi ya sa yanzu ake nemansa ido rufe. Gaskiyar magana kuwa, yawancin motocin wancan zamani kore mai duhu ne, ko ruwan zinare, ko ruwan ƙasa. Idan ka je baje-kolin motocin Chrysler da ake yi a Carlisle ta jihar Pennsylvania duk watan Yuli ka ga shunayya ta cika fili, ka tabbata da yawansu kore aka haife su.

Laifi ne? A kan mota mai daraja, sauya launi yana rage farashi, kuma masu saye suna duba farantin nan kafin su duba komai. A kan gama-garin mota, launi mai farin jini yakan ƙara mata kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne: idan za a sauya, a sauya ko'ina. Dodge da Plymouth sukan fesa wa ɗakin inji launin jikin mota, ba baƙi ba kamar yadda General Motors da Ford ke yi. Mota shunayya a waje, kore a bakin ƙofa da cikin but, tallar ha'inci take yi wa mai ita.

Bayan launi sai nau'in fenti. Chrysler da Ford enamel suke fesawa su gasa, General Motors kuma fentin lacquer mai saurin bushewa, kuma duka hawa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. Tsarin da aka saba da shi yanzu, na fesa launi sannan a rufe da wani garai-garai a sama, sai a shekarun 1980 ya zama ruwan dare. Ya fi jure rana, ya fi sheƙi, ana kuma iya goge shi da samfefar ruwa mai lamba 1500 zuwa 3000 a wanke shi da injin goge har ya zama madubi. Amma fa ba haka motar ta fito ba. Fentin masana'anta yana da ɗan gurje-gurje kamar ɓawon lemo, yana da wuraren da ya yi sirara, feshinsa kan fantsama zuwa ƙasan mota. Abin dariya shi ne, a gasar motocin da aka mayar kan asali, irin wadda ake yi a Rosemont kusa da Chicago duk watan Nuwamba, waɗannan kurakurai ake nema. Mutum zai biya gwani maƙudan kuɗi don ya kwaikwayi gaggawar ma'aikacin da ke jiran a tashi aiki a 1970, har da alamun alli da ɗigon fenti da masu duba aiki ke sakawa a ƙasan mota. Wadda ta fi kyau fiye da kima, maki take rasawa.

Kowane launi da halinsa. Baƙi ba ya rufa wa kowa asiri, ƙaramin tudu sai ya nuna, kuma shi ne launin da masu Charger suka fi so, musamman tun da fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya sake fito da baƙar ƙirar 1970. Fari da ruwan azurfa suna da yafiya. Fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe, irin su FC7, ana son a fesa shi ƙofofi da fenda suna rataye a jikin mota, domin idan aka fesa ƙofa a kwance, ƙwayoyin za su zauna daban, a rana sai ka ga kamar daga wata motar aka aro ta. Akwai kuma fentin kandi, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Joe Bailon na Kalifoniya a shekarun 1950: launi ne mai ratsa haske da ake fesawa kan azurfa ko zinare, kowane hawa yana ƙara duhu. Zurfinsa ba shi da na biyu, amma idan ya karce, da wuya a yi masa faci ba a gane ba. Fenti mara sheƙi ma da ake yayi, ba a goge shi, ya ɓaci sai dai a sake feshi.

Wani lokaci zaɓin fenti ya wuce batun ado. Motar The Dukes of Hazzard ruwan lemo ce, da lamba 01 a ƙofa, da tutar 'yan tawayen kudancin Amurka a rufi, tutar da baƙaƙen fata da wasu da dama ke ɗauka alamar bauta da wariya. Dubban mutane sun kwaikwayi wannan ado. A 2015, bayan kisan masu ibada baƙaƙen fata tara a wata coci a Charleston, kamfanin Warner mai shirin ya daina ba da izinin yin kayan wasan motar masu ɗauke da tutar, kuma ɗan wasan golf Bubba Watson, wanda ya sayi ɗaya daga cikin motocin shirin a 2012, ya sanar cewa zai shafe ta daga rufin tasa.

Gargaɗi ɗaya ga mai son ya yi feshi da kansa a garejin gida: sinadarin da ke ƙarfafa fentin zamani yana lalata huhu, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Tsohon fenti da dalmar da masana'anta ke cike mahaɗar rufi da ita su ma guba ne idan aka goge su suka zama ƙura.

Tsohuwar fuska, sabon ciki

Duk wanda ya tuƙa Charger yadda ta fito zai gaya maka gaskiya idan babu mai ji: a miƙe take da gudu, amma ba ta son kwana, ba ta son tsayawa. Birkin ganga ne a tayoyi huɗu sai in mai saye ya biya na faifai a gaba, tayoyin sirara ne, sitiyari kuma yana da wasa. Ga fetur ɗin da aka yi injin dominsa, mai dalma, an hana sayar da shi ga motocin titi a Amurka tun 1996, na yanzu kuma mai gaurayen etanol yana cin tsofaffin robobi. Daga nan salon da ake kira restomod ya samu gindin zama: a bar surar, a sake abin da ke ƙarƙashi. Birkin faifai, sabon sifirin, giya mai hawa biyar ko shida, na'urar feshin mai ta kwamfuta a madadin kafireto, na'urar sanyaya ɗaki.

Kamfanin da ya ƙera Charger ma ya shiga kasuwar. Ya fito da injin Hellcat mai ƙarfin doki 707 na sayarwa a cikin akwati, a 2018 kuma, a baje-kolin SEMA na Las Vegas, ya nuna injin Hellephant mai ƙarfin doki 1,000 a cikin wata Charger ta 1968 da aka faɗaɗa wa fenda. Gareji irin su Ringbrothers da SpeedKore, dukansu a jihar Wisconsin, sun yi suna wajen irin wannan aiki, na biyun har da ƙera jikin Charger da zaren kabon don rage nauyi. A gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale duk Janairu, irin waɗannan motoci sukan doke gama-garin waɗanda aka mayar kan asali, saboda masu saye na yanzu hawa suke son yi, ba ajiya ba.

A ɓangaren jiki, gyaran da ya fi kyau shi ne wanda sai an ƙura ido ake ganewa: a matso da bamba kusa da jiki, a toshe ramukan kusoshinta, a daidaita tazarar ƙofofi ta zama milimita huɗu ko biyar ko'ina, a sauke motar kaɗan, a faɗaɗa ramin tayar baya ta ciki don faffaɗar taya ta shige ba tare da an yanka waje ba. Wanda ya wuce nan, ya cire hannun ƙofa, ya sa rim mai inci 22, ya manna fukafukai, yawanci abin da ya sa motar ta yi kyau tun farko yake kashewa. Kuma yayi yana wucewa. Motocin da aka yi wa ado a shekarun 1990 da launin ruwan hoda da zane-zane, yau kuɗi ake kashewa a kankare su.

Ta fuskar kuɗi kuwa kada wanda ya yaudari kansa. Ban da 'yan ƙalilan masu lambobi na musamman, abin da cikakken gyara ke ci ya fi abin da za a sayi motar idan an gama. Mai neman riba gara ya sayi wadda wani ya riga ya gama ya yi asara a kanta. Mai yi don so kuwa, ya karanta farantinsa tukuna. Idan ya nuna mota ce da ba ta da yawa, ya mayar da ita yadda take, ko da launin bai yi masa ba. Idan gama-gari ce, ya zaɓi launin da yake so, amma ya fifita gyaran da ake ɗaurawa da noti a kan wanda ake yankawa, ya kuma ajiye duk abin da ya cire a wuri busasshe, domin wanda zai gaji motar yana iya son mayar da su. Idan kuma fentin masana'anta na nan bai mutu ba, ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya ƙyale shi.